Ma'ana da Yadda Ake Amfani da Kalmar 'Zurfi' a Hausa: Waiwaye Daga Zangon Agege

1.0 GABATARWA

Akwai kalmomin da mai harshe yakan yi ta furtawa tun yarintarsa har tsufansa ba tare da ya taɓa tambayar kansa inda iyakarsu take ba. Ba ya lura da wannan iyaka sai ranar da harshen nasa ya yi gogayya da wani, aka nemi ya fassara, ko kuwa ya ji ɗansa ya ɗora kalmar a inda kunne bai saba jinta ba. Kalmar 'zurfi' tana cikin irin waɗannan kalmomi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙirar wannan kalma da ma'anarta ta asali da kuma ma'anonin da ta samu ta hanyar siffantawa. Daga nan za a nuna wuraren da Hausa ba ta yarda a sa ta ba, ko da yake waɗansu harsuna sukan sa takwarorinta a can. An zaɓi duba al'amarin daga Agege da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, domin a nan ne Hausa take kwana ta tashi tare da Yarabanci da Ingilishi. An kuma jawo misali daga Sifaniyanci, harshen da ba shi da dangantaka da Hausa, saboda yana da kalmomi biyu na zurfi waɗanda tarihinsu yake a rubuce. Jimlolin da aka kawo irin na maganar yau da kullum ne. Wadda aka sa wa alamar tambaya a gabanta, ita ce wadda kunnen Bahaushe yake ƙyama.

2.0 HAUSAWA A AGEGE

Goro da jirgin ƙasa su ne suka raya zangon Hausawa na Agege. A da fatake sukan bi ta ƙasa zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga, su sayo goro. Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, wannan hanya ta raunana, goro ya riƙa zuwa Ikko ta teku. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege da kewayenta suka dukufa ga shuka irin goron da Hausawa suke so, wanda har yau Yarabawa suke kira 'gbanja', watau na Gwanja. Layin dogo daga Ikko zuwa Badun, wanda ya ratsa ta Agege, an buɗe shi a 1901, kuma zuwa 1912 an haɗa shi da na Kano. Da haka Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Zazzagawa da mutanen Maraɗi da Damagaram suka taru wuri guda, suka yi sarkinsu da limamansu da makarantunsu na allo. Cinikin shanu da mayankar Oko-Oba sun ƙara jawo waɗansu. Irin wannan zama ne ake samu a Idi-Araba da Obalende da Mil 12 da Alaba Rago.

Abin da ya shafi nazarin harshe a nan shi ne, an samu zuriya ta uku da ta huɗu waɗanda aka haifa a Kurmi. Yaro yana jin Hausa a gida da masallaci, Yarabanci a titi da kasuwa, Ingilishi a makaranta. Aron kalmomi tsakanin harsunan tsohon abu ne. Hausa ta karɓi 'agogo' da 'ashana' daga Yarabanci, mutanen Ikko kuma kowa ya san 'wahala' da 'mairuwa'. Aron kalma yana da sauƙin ganewa. Wanda yake da wuyar kamawa shi ne aron ma'ana, inda kalmar ta Hausa ce, amma kayan da aka ɗora mata na wani harshe ne.

3.0 ƘIRAR KALMAR

'Zurfi' ɓoyayyen suna ne, jinsin namiji, mai gaɓa biyu. Dukan gaɓoɓin suna da karin sauti na sama, wasalin ƙarshe kuma dogo ne. A shekarar 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa akwai wani rukuni na sunaye a Hausa masu wannan siga, waɗanda duka suke nuni ga halin abu da gaɓoɓin jiki suke iya ji. Paul Newman ya sake bin bayanin rukunin a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Cikin rukunin akwai zafi, sanyi, nauyi, ƙarfi, faɗi, kauri, tauri, kaifi, zaƙi, ɗaci da daɗi. Abin da ya haɗa su, ban da siga, shi ne yadda kalmomi suke tsira daga gare su:

(1) zafi, zazzafa, zafafa
(2) ƙarfi, ƙaƙƙarfa, ƙarfafa
(3) faɗi, faffaɗa, faɗaɗa
(4) zurfi, zuzzurfa, zurfafa

Kalma ta biyu a kowane layi sifa ce tilo, mai nuna tsanani, kamar a 'zuzzurfan rami' da 'zuzzurfar rijiya'. Kalma ta uku kuwa a rubuce ɗaya ce, amma a baki biyu ce. Idan aka ja wasalin tsakiya, jam'in sifa ce, kamar a 'zurfafan rijiyoyi'. Idan aka gajarta shi, aikatau ce, kamar a 'sun zurfafa rijiyar'. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali a rubutu, don haka muhallin kalmar a jimla ne yake raba gardama.

Sauran hanyoyin sarrafa kalmar su ne:

(5) Rijiyar tana da zurfi.
(6) Kawo kwano mai zurfi.
(7) Ramin ya yi zurfi.
(8) Wannan kududdufi ya fi wancan zurfi.
(9) A samo mai ɗan zurfi-zurfi.

Ninkin da ke cikin (9) rage ƙarfin ma'ana yake yi, kamar yadda yake a 'zafi-zafi' da 'ɗaci-ɗaci'.

Ta fuskar lafazi, a zangon Agege ana jin 'zurfi' ana kuma jin 'zurhi'. Na biyun shi ne na karin harshen yamma, watau Sakkwato da Katsina da Gobir da Maraɗi, inda ake cewa 'zahi' da 'ƙarhi' da 'hita'. Ko a daidaitacciyar Hausa ma ana ganin wannan musaya tsakanin 'f' da 'h' a 'tsoho' da 'tsofaffi', da kuma 'dafa' da 'dahuwa'. Bambancin bai taɓa ma'ana ba.

4.0 MA'ANAR ASALI

4.1 Baki da Ciki da Ƙasa

Ba kowane abu ne ake cewa yana da zurfi ba. Sai abin yana da sassa uku: baki, inda ake tsayawa ko ake shiga, ciki, wanda ido ba ya gani duka, da ƙasa, inda ya ƙare. Rijiya da rami da kogi da kabari da karofin marina da tukunya da aljihu da rauni duka suna da waɗannan. Awon kuma daga baki ake fara shi. Wannan ne ya raba 'zurfi' da 'tsawo'. Igiyar guga tana da tsawo, rijiyar da aka zura ta ciki tana da zurfi, alhali kuwa awon guda ne. Latinanci yana da kalma ɗaya, 'altus', wadda take ɗaukar tsawon dutse da zurfin teku baki ɗaya. Hausa ba ta haɗa su ba.

Ba lalle ne zurfi ya nufi ƙasa ba. Ana cewa kogo yana da zurfi, ko lungu yana da zurfi, ko da yake miƙe suke. Sharaɗin dai shi ne a samu bakin shiga, a kuma samu ƙurya wadda take nesa da shi. Fili ko hanya, da yake ba su da baki da ciki, sai dai su yi faɗi ko nisa.

4.2 Awon Zurfi

Bahaushe da jikinsa yake auna zurfi. Na ruwa akan ce iya idon sawu, iya gwiwa, iya ƙugu, iya wuya, har zuwa inda ya sha kan mutum. Na rijiya kuwa da 'gaba' ake auna shi, watau tsawon hannuwa biyu a miƙe daga yatsa zuwa yatsa. Daga nan aka samu 'rijiya gaba dubu', wadda ba wanda ya taɓa haƙa irinta, amma kowa ya san halin wanda aka ce ya faɗa cikinta. A Ikko, inda Hausawa da dama suke sana'ar haƙar rijiya, lissafin ya koma ƙafa da yawan zoben simintin da aka jera, burtsatse kuma ƙafa ko mita. Ma'aunin ya sauya, kalmar 'zurfi' tana nan. 'Gaba' ce ta soma ɓacewa daga bakin yara, sai a cikin wancan salon magana.

4.3 Kishiyar Kalmar

Zafi yana da sanyi, tauri yana da taushi, zaƙi yana da ɗaci. Zurfi ba shi da kishiya tilo a rukuninsa wadda ake amfani da ita yau da kullum. Akan ce 'marar zurfi', ko a ari 'gajere', kamar yadda karin magana ya nuna:

(10) In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Wannan misali yana da muhimmanci. Ba a cewa rami dogo ne idan ana nufin zurfinsa, amma ana cewa gajere ne idan ba shi da zurfi. Ke nan kishiyar 'dogo' ta ɗauki aiki biyu.

5.0 MA'ANONIN SIFFANTAWA

George Lakoff da Mark Johnson sun yi bayani a 1980 cewa ɗan Adam yakan fahimci abin da ba ya gani ta hanyar abin da jikinsa ya sani. Hausa ta bi da 'zurfi' ta hanyoyi uku, kuma hukuncin da take yanke wa kowace hanya daban ne.

5.1 Zurfin Ilmi da Tunani

(11) Malamin yana da zurfin ilmi.
(12) Yi zurfin tunani kafin ka amsa.
(13) An zurfafa bincike.

A nan ilmi ruwa ne. Shi ya sa ake kiran babban malami kogi, ake cewa ɗalibi ya yi ninkaya cikin littattafai, ko ana kwankwaɗar karatu a wurin wane. Wanda bai yi zurfi ba, karatunsa 'sama-sama' ne. Malaman zaure sun ƙara wa wannan hoto ƙarfi da kalmomin Larabci irin su 'zahiri' da 'baɗini'. Agege kuwa gari ne na karatun Larabci, domin nan Markaz take, makarantar da Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. 'Ilmi mai zurfi', wanda aka tsayar a matsayin sunan karatun gaba da sakandare, a kan wannan tushe ya zauna, shi ya sa ya karɓu ba tare da gardama ba. Duk inda 'zurfi' ya haɗu da ilmi ko tunani ko hankali, yabo ne.

5.2 Zurfin Ciki

A Hausa ciki ma'ajiya ce ta abinci da ta magana. Karin magana ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A cikinsa farin ciki da baƙin ciki suke. Mai zurfin ciki shi ne wanda magana take faɗawa cikinsa ba a ji ƙararta ba, kamar dutsen da aka jefa a zuzzurfar rijiya. Mai son sanin abin da ke ciki sai ya 'bugi cikinsa', kamar yadda ake ƙwanƙwasa tulu a ji ko da ruwa.

Shin yabo ne ko zargi? Amsar tana ga muhalli. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Badun, ya nuna yadda cinikin goro da shanu ya dogara ga maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a kan bashi. Tsarin da aka san zangon Agege da shi ke nan. A irin wannan sana'a, maigida ko dillalin da cikinsa ba ya riƙe magana ba zai daɗe ba, domin ya san jarin kowa da bashin kowa. Idan aka ce:

(14) Alhaji mutum ne mai zurfin ciki, ajiye kuɗinka a wurinsa.

shaida ce ta amana. Amma idan uwa ta ce wa 'yarta:

(15) Ke dai zurfin cikinki ya yi yawa, kina ciwo ba ki faɗa ba.

faɗa ne. Abin da ya raba su shi ne mai asirin. Riƙe asirin wani amana ce. Riƙe damuwar kai ga waɗanda suke da haƙƙin su sani cuta ce, ga mai ita da su. Ƙamus ba ya iya ba da fassara guda wadda za ta ɗauki fuskokin nan biyu, sai an kawo misalai.

5.3 Yin Zurfi Cikin Al'amari

(16) Ya yi zurfi a caca.
(17) Maganar auren ta yi zurfi.
(18) Rikicin ya zurfafa.

A nan hoton na mai shiga kogi ne, wanda kowane taki yake ƙara wahalar da komowarsa. Saboda haka wannan amfani yakan zo da gargaɗi. A wannan muhalli ne 'zurfi' da 'nisa' suke kusantar juna, har a iya musanya su a (16) da (17). Wanda ya yi nisa, in ji Hausawa, ba ya jin kira. Duk da haka akwai ɗan bambanci. 'Nisa' yana duban tazarar da aka ci, 'zurfi' yana duban wuyar fita. Sai dai Hausa ba ta bar mai nutso ba tare da fata ba, domin ta ce kome zurfin ruwa da yashi a ciki, watau ba abin da ba shi da iyaka.

6.0 INDA HAUSA BA TA SA 'ZURFI'

Ingilishi yakan yi amfani da kalmarsa ta zurfi ga barci da murya da numfashi da launi da daji da juyayi. Hausa ta raba wa kowannensu kalmarsa:

(19) barci mai nauyi. Barcinsa ya yi nisa
(20) murya mai kauri, babbar murya
(21) dogon numfashi, ajiyar zuciya
(22) ja wur, baƙi ƙirin, kore shar
(23) ƙungurmin daji, dokar daji
(24) matuƙar baƙin ciki, tsananin juyayi

Idan aka bi Ingilishi sau da ƙafa, sai a samu:

(25) ? Yana da murya mai zurfi.
(26) ? Ja numfashi mai zurfi.
(27) ? Ta sa zane ja mai zurfi.
(28) ? Suna miƙa zuzzurfar ta'aziyyarsu.

Ba wata dokar nahawu da aka karya a (25) zuwa (28). Abin da aka karya shi ne hoton da ke ƙarƙashin kalmar. Murya da launi ba su da baki da ciki da ƙasa a tunanin Bahaushe. Barci kaya ne da yake danne mutum, shi ya sa yake da nauyi. Numfashi kuwa ja ake yi kamar igiya, shi ya sa yake da tsawo. Launi amsa-kama ne yake ƙarfafa shi. 'Barci mai zurfi' ya soma samun gindin zama a fassarar labarai da rubuce-rubucen kiwon lafiya, amma tsofaffi har yanzu nauyin barci suka sani.

7.0 KWATANCI DA WAƊANSU HARSUNA

7.1 Yarabanci

Kalmar Yarabanci ita ce 'jìn'. Tana ɗaukar zurfin rijiya, tana kuma ɗaukar nisan hanya, domin 'ọ̀nà jìn' yana nufin hanya ta yi nisa. Ke nan abin da Hausa ta haɗa a siffantawa kawai, Yarabanci ya haɗa shi tun a ma'anar asali. Daga wannan za a gane dalilin da zai sa wanda Yarabanci ya rinjaya a bakinsa ya ce hanya tana da zurfi.

Ta wani ɓangaren kuma harsunan biyu sun yi tarayya. 'Inú' a Yarabanci shi ne ciki, kuma shi ne mazaunin murna da fushi, kamar yadda yake a Hausa. Yarabawa sukan ce 'inú jìn', watau ciki yana da zurfi. Sai dai su hukunci suke yankewa a kan ɗan Adam gaba ɗaya, cewa ba a sanin abin da ke zuciyar mutum, don haka a yi hattara. Zurfin ciki na Hausa kuwa hali ne na wani mutum, ban da wani.

Kalma ta uku ita ce 'ìjìnlẹ̀', daga 'jìn' da 'ilẹ̀', watau ƙasa. Da ita ake kiran kimiyya 'ìmọ̀ ìjìnlẹ̀', da ita kuma ake kiran tsantsar harshe na dattawa 'ìjìnlẹ̀ Yorùbá'. Za a komo kan wannan a sashe na 8.0.

7.2 Sifaniyanci

Sifaniyanci yana da sifofi biyu, 'hondo' da 'profundo', da sunaye biyu, 'hondura' da 'profundidad'. Dukansu suna komawa ga tushen Latinanci 'fundus', ma'ana ƙasan abu. 'Hondo' ita ce wadda ta biyo ta bakin jama'a, har 'f' ɗinta ta koma 'h', kamar yadda 'farina' ta zama 'harina', watau gari. 'Profundo' kuwa ta hannun masu karatu ta zauna, shi ya sa ta riƙe sigarta ta Latinanci. Wannan sauyi na 'f' zuwa 'h' irin wanda ya ba da 'zurhi' ne, ko da yake kowane harshe shi kaɗai ya yi nasa.

Kalmomin biyu sun raba aiki, ko da yake sukan shiga gonar juna. Kwanon miya 'plato hondo' ne, jan dogon numfashi 'respirar hondo' ne, barci mai nauyi kuwa 'sueño profundo'. Jam'in 'hondura' shi ne sunan ƙasar Honduras, wadda Kolumbus ya isa gaɓarta a 1502, kuma ruwaya ta danganta sunan da zurfin ruwan gaɓar. Salon maganarsu 'meterse en honduras', watau kutsa kai cikin abin da ya fi ƙarfin mutum, ya yi daidai da abin da aka gani a 5.3. A Andalus ana furta 'hondo' da sauti mai kauri a farko, ana rubuta ta 'jondo', kuma da ita ake kiran tsohuwar waƙarsu ta juyayi 'cante jondo', wadda Manuel de Falla da Federico García Lorca suka tsaya aka shirya wa gasa a Granada a 1922 don kada ta ɓace.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, hoton ruwa da rami na kowa ne, amma kowane harshe yana da inda ya ja masa iyaka. Sifaniyanci ya yarda numfashi da barci su yi zurfi, Hausa ba ta yarda ba. Na biyu, mutanen Andalus da Yarabawa duka sun kira abin gadonsu mafi tsufa da sunan zurfi, kuma a Andalus lafazin da ake ganin na karkara ne ya zama tambarin abin.

8.0 ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Matsala ta farko ta fassara ce. Tafinta a asibiti ko kotu ko gidan rediyo ba ya da lokacin dogon nazari. Idan likita a Ikko ya nemi tsohon ɗan kasuwa ya cika ƙirjinsa da iska, tafinta ya ce masa ya ja numfashi mai zurfi, tsohon zai tsaya yana lissafi. Da an ce ya ja dogon numfashi, da ya yi nan take. Haka kuma idan shaida ya ce wane yana da zurfin ciki, aka juya shi da kalmar da take nufin makirci, an zalunci mutumin da wataƙila yabonsa ake yi. Ma'aunin da wannan maƙala take bayarwa mai sauƙi ne. Kafin a sa 'zurfi', a tambaya ko Bahaushe yana ganin abin da baki da ciki da ƙasa. In yana gani, kamar a bincike da ilmi da rikici, sabon amfanin zai zauna. In ba ya gani, a nemi nauyi ko kauri ko tsawo ko amsa-kama.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwo. Akan ce da haifaffun Kurmi Hausarsu ba ta da zurfi, kuma a gari irin Agege, inda maƙwabta suke da ma'aunin 'ìjìnlẹ̀' a bakinsu, maganar tana da kaifi biyu. Ta kan shiga har cikin zancen aure da na shugabancin zango, inda ake auna wanda ya isa a kira shi Bahaushe sosai. Ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa cikin wannan hukunci, watau lafazi da yawan kalmomi da gwanintar sarrafa magana. Lafazi ba shi da zurfi ko rashinsa, domin 'zurfi' da 'zurhi' duka Hausa ne. Yawan kalmomi kuwa sana'a da muhalli ne suke ba da shi. Yaron da ya tashi a rumfar goro a Agege ya san daushe da marsa da minu da hannunruwa da sankara da huhu, ya san ƙwarya goro ɗari ce, alhali takwaransa na birnin Kano mai yiwuwa bai san rabinsu ba. Shi kuma ba zai san sunayen sassan rumbu ko na garma ba. Abin da yake raguwa da gaske shi ne na ukun, watau karin magana da habaici da salon magana irin 'bugun ciki' da 'rijiya gaba dubu'. Waɗannan kuwa ba a gadonsu ta jini, ba a kuma shan su a ruwan wani gari. A zaure da hira da karatu ake samunsu, kuma ana iya koyar da su a Agege kamar yadda ake iya rasa su a Kano.

9.0 KAMMALAWA

An ga cewa 'zurfi' yana cikin rukunin sunayen da Parsons ya bayyana, yana kuma haifar da 'zuzzurfa' da 'zurfafa' bisa ƙa'idar rukunin. Ma'anarsa ta asali tana bukatar baki da ciki da ƙasa. Daga nan ya miƙa zuwa ilmi, inda yake yabo, da ciki, inda yake da fuska biyu, da shiga al'amari, inda yake gargaɗi. Bai miƙa zuwa murya da launi da numfashi ba. Ƙamusoshin Bargery na 1934 da Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun yi aikin tattara kalmomi. Aikin da ya rage wa masu ƙamus da masu koyar da fassara shi ne su riƙa nuna, ga kowace kalma irin wannan, abokan tafiyarta da kuma waɗanda ba ta tafiya da su. Nauyi da kauri da faɗi da kaifi duka suna jiran irin wannan nazari. Unguwanni irin su Agege da Idi-Araba wurare ne da suka dace a yi shi, domin a can ne ake fara jin kalma ta taka iyakarta.